Ruwan sha a Dakoro: daga foraj zuwa randa

Garin Dakoro, cikin jihar Maradi, ba shi da kogi mai gudana duk shekara. Ruwan shansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Kafin ya kai baki sai ya bi matakai: foraj, injin da ke turo shi, shato, bututu, pompon unguwa, bidon ɗin ƴan garuwa, sannan randa. In mataki ɗaya ya lalace, sauran ma sun shiga matsala. Idan wuta ta ɗauke har shato ya ƙafe, jama'a kan koma rijiya ko tabkin da dabbobi ke sha, zawo kuma ya samu hanya.

Aikin a rabe yake. Tun 2001 kamfanin SPEN ke riƙe da kayan aikin ruwa na biranen Nijar. Rarrabawa ta koma hannun NDE a 2024, bayan SEEN. Shara da magudanai na ma'aikatar magajin gari ne, jinya ta asibiti. Lafiyar gari na bukatar su riƙa jin juna.

Jihar ta taɓa ganin illar rashin haka. A Tibiri, wani foraj ya yi shekaru yana ba da ruwa mai yawan sinadarin fuluwo, ɗaruruwan yara suka samu lanƙwashewar ƙashi da lalacewar haƙora. Ruwan garau yake a ido. Awo kaɗai ke nuna hakan.

Mataki na ƙarshe a gida yake: a wanke bidon, a rufe randa, a ware mata moɗa.