Yadda ake hawa saman Google: Gyaran shafi, talla da ƙidayar masu ziyara

Duk wanda ya rubuta "shadda mai kyau a Kano" a Google zai ga jerin shafuka kafin ƙiftawar ido. Galibin mutane kan latsa ɗaya daga cikin na saman jerin, kaɗan ne ke wahalar da kansu su gangara ƙasa. Sai dai wannan jeri ba haka kawai yake zuwa ba. Wasu kuɗi suka biya aka ɗora su a sama, wasu kuma sun shafe watanni suna gyara shafukansu domin su dace da ƙa'idojin kamfanin.

Sana'o'i uku ne ke tattare da wannan: gyaran shafi domin injin bincike ya fifita shi, wanda masana ke taƙaitawa da SEO, sayen talla a sakamakon bincike, wato SEM, da kuma ƙidayar masu ziyara da bin sawun abin da suke yi a shafi. 'Yan kasuwa ne suka fi amfani da su, amma 'yan siyasa ma sun daɗe da gano amfaninsu.

Yadda Google ke jera shafuka

Larry Page da Sergey Brin ne suka kafa Google a 1998, bayan binciken da suka fara a Jami'ar Stanford ta Amurka. Dabarar da suka zo da ita, mai suna PageRank, tana ɗaukar kowace mahaɗa da wani shafi ya yi zuwa wani a matsayin ƙuri'a. Shafin da manyan shafuka ke nunawa ya fi daraja, kamar yadda shaidar dattijo a unguwa ta fi ta baƙo nauyi.

Aikin yana tafiya a mataki uku. Da farko wasu manhajoji na zagaya intanet suna karanta shafuka. Daga nan a adana abin da suka karanta a wani katafaren kundi. Idan mutum ya yi tambaya, sai a zaɓo waɗanda ake ganin sun fi dacewa, bisa la'akari da kalmomin da ke cikinsu, da darajarsu, da saurin buɗewarsu a waya, da kuma garin da mai tambayar yake. Kusan kashi 90 cikin 100 na binciken intanet a duniya ta Google ake yin sa, shi ya sa ƙa'idojinsa suka zama tamkar doka ga duk mai shafi.

Gyaran shafi

Wannan hanya ba a biyan Google ko sisi, amma tana cin lokaci. Tushenta shi ne gano ainihin kalmomin da masu saye ke rubutawa, sannan a yi amfani da su a kanun shafi da cikin bayani. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya cika shafinsa da hotunan atamfa ba tare da rubuta suna, farashi da adireshi ba, ya ɓoye kansa ne, domin rubutu injin ya fi fahimta.

Akwai kayan aiki na kyauta. Google Search Console na nuna wa mai shafi kalmomin da suka kawo masa mutane da kurakuran da ke hana shafinsa fitowa. Google Business Profile kuma na ba mai shago damar sanya wurinsa a taswira, da lambar waya da lokutan buɗewa, ko da ba shi da shafin intanet.

Hausa na da nata lamarin. Mutane da yawa na rubutu a waya ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, wato ƙ, ɗ da ɓ, wasu kuma na cakuɗa Hausa da Turanci. Mai shafi mai dabara kan duba yadda abokan cinikinsa ke rubuta sunan kaya a zahiri. Haka kuma shafukan Hausa ba su da yawa idan aka kwatanta da na Turanci, don haka gasar ba ta da zafi. Wannan dama ce ga ƙaramin ɗan kasuwa, amma haɗari ce ga jama'a: inda rubutu ya yi ƙaranci, wanda ya riga rubutawa kan mamaye sama, ko da ƙarya ya rubuta.

Maguɗi da hukunci

Tun farko aka samu masu bin ɓarauniyar hanya, kamar cusa kalma ɗaya sau ɗari a shafi ko sayen mahaɗai na bogi. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus na ɗan lokaci saboda irin wannan dabara. A 2011 binciken jaridar New York Times ya gano dubban mahaɗai marasa tushe da ke ɗaga shafin kantin J.C. Penney na Amurka. Kantin ya ce bai san da su ba, ya kori kamfanin da ke yi masa aikin, amma Google ya rage masa matsayi. Sauye-sauyen da aka sanya wa suna Panda a 2011 da Penguin a 2012 an yi su ne domin daƙile shafuka marasa inganci da cinikin mahaɗai.

Darasin a fili yake: duk wanda ya yi wa ɗan kasuwa alƙawarin matsayi na ɗaya cikin mako guda, ko dai talla zai saya, ko maguɗi zai yi.

Tallan bincike

Google ya fara sayar da talla ta tsarin AdWords a 2000, wanda ya koma Google Ads a 2018. Gwanjo ake yi a duk lokacin da wani ya yi bincike. Kowane mai talla ya riga ya faɗi kalmomin da yake so da iyakar abin da zai biya. Ana haɗa tayinsa da ingancin tallarsa a fitar da wanda zai hau sama, kuma ba ya biya sai an latsa. Irin waɗannan sakamako na ɗauke da alamar da ke nuna talla ce, a Turanci kalmar "Sponsored", amma ba kowa ke lura da ita ba.

Kuɗin da ke ciki ba kaɗan ba ne. A 2023 talla ta kawo wa Alphabet, uwar kamfanin Google, sama da dala biliyan 237 cikin kimanin biliyan 307 da ya samu. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na wata kotun tarayya a Washington ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa doka ba. A shari'ar ce aka bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga irin su Apple domin ya zama injin binciken da ke zuwa a saite a wayoyi da manhajojin shiga intanet.

Ƙidayar masu ziyara

A nan ake gane ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Google Analytics, da aka ƙaddamar a 2005, na nuna wa mai shafi yawan masu shigowa, garuruwansu, irin wayarsu, inda suka biyo, da ko sun saya ko sun juya. Sabon samfurinsa, GA4, ya maye gurbin tsohon a watan Yulin 2023.

A ɗauka mai turare ya kashe naira 50,000, mutum 500 suka latsa, 10 suka saya. Kowane mai saye ya ci masa naira 5,000 ke nan. Idan ribarsa a kan kowanne ba ta kai haka ba, asara ya tafka, komai yawan masu ziyara.

Ana tattara waɗannan bayanai ne ta 'yan guntayen fayiloli da ake kira kukis, da shafi ke ajiyewa a wayar mai ziyara. Su ne dalilin da takalmin da mutum ya duba jiya ke bin sa daga shafi zuwa shafi.

Inda siyasa ta shigo

Kayan aikin da ke gano mai son turare su ne ke gano mai jefa ƙuri'a. A 2018 jaridun Guardian da Observer na Birtaniya suka ruwaito cewa wani attajirin Najeriya ya ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica domin yaƙin neman zaɓen Goodluck Jonathan a 2015, kodayake rahoton bai ce Jonathan ya san da aikin ba. Kamfanin ya rushe a wannan shekara bayan badaƙalar kwasar bayanan masu amfani da Facebook da yawansu ka iya kaiwa miliyan 87. A ƙarshen 2019 Google ya sanar da taƙaita tallan zaɓe, ta yadda ba za a ware mutane ba sai bisa shekaru, jinsi da yanki.

A Najeriya, Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba kowa 'yancin sanin bayanan da aka tara a kansa, da neman a goge su, da ƙin amincewa a yi amfani da su wajen aiko masa talla. Hukumar NDPC ce ke kula da ita. A watan Yulin 2024 kuma hukumar kare masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Ga mai bincike, matakan kariya uku ne: ya duba ko akwai alamar talla, ya duba adireshin shafi kafin ya shigar da bayanan banki, domin 'yan damfara ma kan sayi talla, sannan ya leƙa Ads Transparency Center, inda tun 2023 ake iya ganin tallace-tallacen da mai talla ya sanya. Abin da ya zo farko a Google yana nuna wanda ya fi iya shiri ko ya fi biya, ba lallai wanda ya fi gaskiya ba.