Tushen Waƙa A Cikin Fim

Masu sukar fina-finan Hausa kan ce rawa da waƙa baƙon abu ne da muka kwaso daga Indiya. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma tushen ya fi nan nisa.

Ranar da fim ya fara magana, da waƙa ya buɗe baki. A 1927 kamfanin Warner na Amurka ya fitar da The Jazz Singer, inda aka ji Al Jolson yana rera waƙoƙi, alhali yawancin zantukan a rubuce suke bayyana. A 1929 The Broadway Melody ya biyo baya, har ya ci kyautar Oscar. Indiya ta bi sahu a 1931 da Alam Ara, mai waƙoƙi bakwai.

A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, daga baya Kwarori suka cika silimomin Arewa da fina-finan Indiya. Mu da muka tashi a Wuro Hausa, a silimomin Jimeta muka haddace waƙoƙin da ba mu san ma'anarsu ba. Matasan da suka shiga sana'ar fim bayan fitowar Turmin Danya a 1990, wannan nonon suka sha.

Saboda haka, raba waƙa da fim mai magana zai yi wuya, domin tare aka haife su. Abin da ya kamace mu shi ne mu nema wa kalangu da kukuma gurbi a ciki.