Faya-fayan Da Aka Manta: Daga Amurka Zuwa Tashar Kafanchan

Jama'a, duk ɗan yankinmu ya san labarin kan Jama'a. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi na yumɓu a Jos, wanda wani ma'aikacin haƙar kuza ya kafa a gonarsa ta doya yana korar ɓarna da shi. Daga wannan kan ne, da irinsa da aka tono kusa da Nok a 1928, duniya ta san wayewar Nok. Abu mai daraja yana hannunmu, sai da baƙo ya zo ya faɗa mana. Irin wannan ne ke faruwa da tsofaffin faya-fayan garmaho na kiɗan zamani.

Bari mu fara daga waje. A tsakiyar shekarun 1960 an yi wani salon waƙa a Amurka, musamman Kalifoniya, mai taushin kiɗa da haɗa muryoyi kamar na mawaƙan coci. Daga baya aka raɗa masa suna "sunshine pop", wato waƙar hasken rana. Wasu sun yi suna da shi, wasu kuwa sun sha ƙasa. Ƙungiyar The Millennium ta Curt Boettcher ta fitar da faifan "Begin" a 1968. Kamfanin Columbia ya zuba masa kuɗi masu yawa, amma bai yi kasuwa ba, ƙungiyar ta watse. The Free Design, 'yan uwa daga gidan Dedrick a jihar New York, sun fara da "Kites Are Fun" a 1967, suka yi ta fitar da faifai ba tare da sun kai ko'ina ba. Sai a shekarun 1990 samarin Japan suka tono waɗannan faya-fayai suka rungume su, kamfanoni suka sake buga su. Dalili guda ne ya sa hakan ya yiwu: an adana kayan.

To mu fa? A wancan zamani Arewa ma tana da nata kiɗan jita da ƙaho da ganga. Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, inda layin Fatakwal ya rabu, hannu ɗaya Kaduna, hannu ɗaya Jos. Garin ya tara Fantswam, Bajju, Atyap, Ham, Hausa, Fulani, Ibo da Yarbawa, kowa da abin da kunnensa ke so. Ga kuma Rediyo Kaduna da ta fara aiki a 1962 tana shiga gida-gida.

Babban suna a nan shi ne Bala Miller, wanda aka haifa a Pankshin a 1928, ɗan wani fasto mutumin Zariya. Ya goge a kiɗan hailaif a Legas, sannan ya kafa ƙungiyarsa ta Pyramids of Africa, yana rera Hausa a kan kayan kiɗan zamani. Manyanmu na tuna shirinsa a talabijin na NTA da waƙarsa "Ikon Allah". Ya rasu a 2003. A Kano akwai The Elcados, waɗanda suka fitar da faya-fayai a kamfanin EMI a shekarun 1970. Bongos Ikwue, ɗan Idoma, ya yi kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Daga baya Funmi Adams ta zo da waƙoƙinta na Hausa da yara suka haddace daga talabijin.

Me ya binne su? Kaset ya kori faifai a shekarun 1980, masu satar fasaha suka cika kasuwa, tattalin arziki ya karye bayan tsarin SAP na 1986, manyan kamfanonin faifai na waje suka janye daga Najeriya. Mu kuma a gida muka ɗauki wannan kiɗa a matsayin na otal da kulob, ba mu ba shi matsayin da muka ba Shata ko Ɗan Maraya Jos ba.

Ga inda abin yake da ciwo. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya haɗa tarin waƙoƙi mai suna "Nigeria 70", ya sa "Ikon Allah" a ciki, amma a bangon an gabatar da tarin a matsayin tarihin kiɗan Legas. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya saka waƙar Elcados a "Nigeria Rock Special". A Nijar, kiɗan da Mamman Sani ya ɗauka da ogan na lantarki a 1978 sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, bayan an tsinci kaset ɗinsa a Yamai. Sun kyauta, ba a musu. Amma idan wani ne ya adana maka tarihi, shi zai sa masa suna.

Kuma waɗannan su ne masu sa'a. Makaɗan da suka raya bukukuwa a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, da ƙungiyoyin mawaƙan mata da suka cika kaset da muryoyinsu, yawanci abin da ya rage nasu yana cikin akwatin wani tsoho ne, gara na cin bangon, zafi na lanƙwasa faifan.

Don haka kafin a share ɗakin baba a zubar da "tarkace", a duba. Faifai a jera shi a tsaye, a inuwa, nesa da danshi. Kaset a nemi mai juya shi zuwa kwamfuta. A ɗauki hoton bangon gaba da baya, domin a nan sunayen makaɗa da shekara suke. Sannan a zauna da dattijon a tambaye shi: a ina ka saya, wa ya kaɗa, a wane biki? Faifai zai iya jira shekara hamsin, mai labarin ne ba zai jira ba.