Zafin da Ya Dace da Injinan Naitiro na Ƙananan Motoci Masu Rimot

Tsakure

Maƙalar ta nazarci zafin da injinan ƙananan motoci masu rimot ke jurewa. Ta nuna cewa adadin da ma'auni ke bayarwa iyaka ce ta gargaɗi kawai, kuma sanyi yana cin injin kamar yadda zafi ke cin sa.

Tsarin injin da mansa

Girman waɗannan injina yakan kama daga sisi 2.1 zuwa 4.6, kuma da dama suna juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya. Ba su da lagireto. Iska ce ke ratsa kan silinda ta kwashe zafi, sauran aikin kuwa man ne ke yin sa. Man haɗi ne na metanol, da naitiromitan (galibi kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari), da man gelo ko makamancinsa mai sa santsi. Kilo ɗaya na metanol yana zuƙe zafi kusan kilojul 1,100 kafin ya zama tururi, wajen ninki uku na fetur. Saboda haka duk wanda ya ɗaure allurar kafireto don ƙarin gudu, ya rage abin sanyaya injin da abin sa masa santsi a lokaci guda. Fulogin ma ba na tartsatsi ba ne: zaren filatinam ne mai ci gaba da yin ja idan ya haɗu da tururin metanol. Idan zafi ya yi yawa, wuta takan kama tun fistan bai kai sama ba.

Iyakar sama da ta ƙasa

Yawancin injina suna aiki lafiya tsakanin digiri 93 da 121 a ma'aunin Salshiyas, wato 200 zuwa 250 a Farenhait. Kamfanin Traxxas na Amurka ya sa digiri 132 na Salshiyas a matsayin iyakar da bai kamata injinansa su wuce ba. Daga nan santsin mai yakan tsinke, fulogi ya ƙone, fistan ya goge bangon silinda.

Iyakar ƙasa ce aka fi yi wa sakaci, kuma a ganina ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. A tsarin da ake kira ABC, fistan na alminiyam ne marar zobe, yana gudu cikin hannun silinda, wato bututun tagulla da aka shafe da kurom. Da gangan aka tsuke saman hannun, domin sai ya ɗau zafi ya buɗe sannan ya yi wa fistan daidai. Injin da aka cika wa mai har ya kasa ɗumama, kowane juyi fistan yana cusa kansa ne cikin matsi. Sandar fistan ce ke shan wahalar, matsin da ke riƙe ƙarfin injin kuma ya cinye da wuri. Wannan ne dalilin da ya sa masana ke ɗumama sabon injin da na'urar busar da gashi kafin tayarwar farko.

Matsalar awo

Ma'aunin da ake haskawa daga nesa yakan rage adadi a kan alminiyam mai sheƙi, don haka gindin fulogi ake nufa, nan take bayan gudu. Yanayi ma yana sauya lissafi: iska mai sanyi ta fi kauri, tana buƙatar ƙarin mai, ta tudu ko ta lokacin zafi kuwa akasin haka. Bai dace a yi ta murɗa allura don neman wani adadi ba. A fara duba hayaƙi mai ruwan shuɗi a bakin salansa da yadda injin ke amsa totur, sannan a auna. Idan zafi ya ƙi sauka duk da an ƙara mai, a bincika tiyo, murfin tanki da gindin kafireto, domin iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba.