Makomar Tiyatar Zoben Tumbi Bayan Shekaru Goma Zuwa Ashirin: Bitar Sakamako da Dacewarta ga Majinyatan Jandutsi, Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar manyan binciken da aka wallafa tsakanin 2006 da 2025 a kan makomar mutanen da aka sanya wa zoben tumbi domin rage ƙiba, sannan ta auna sakamakonsu da yanayin rayuwa da na asibitoci a Jandutsi da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi. Matsayin maƙalar shi ne amfanin zoben ya rataya ne a kan kulawar da ake ci gaba da bai wa majinyaci shekara da shekaru, fiye da yadda ya rataya a kan ƙwarewar likitan da ya sanya shi, don haka wanda aka yi wa aikin a ƙasar waje ya dawo gida ba tare da likitan da zai riƙa duba shi ba ya ɗauki mafi yawan haɗarin aikin, ya bar mafi yawan amfaninsa.

1.0 Gabatarwa

Likitoci suna auna ƙiba da ma'aunin BMI, wato a raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita bayan an ninka tsayin da kansa. Wanda ya kai 30 mai ƙiba ne, kuma taron masana da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kira a 1991 ya amince da tiyata ga wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 idan yana fama da cuta irin ciwon sukari ko hawan jini. Mai karatu zai iya mamakin tayar da wannan batu a Kebbi, jihar da Binciken Al'umma da Lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, adadin da ya zarce na kowace jiha. Sai dai binciken nan ɗaya ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma yunwa da teɓa suna iya zama a gari ɗaya. Ɗan kasuwar da ke wuni a zaune a rumfa a kasuwar Jega, da dillalin albasa na Aliero da harka ta buɗe masa, da uwargidan da ba ta cika fita ba, su ne ƙiba ta fi kamawa, kuma daga cikin irinsu ake samun masu halin zuwa Indiya, Masar, Turkiyya ko Dubai neman magani. A al'adar yankin ana ɗaukar murjewar jiki alamar wadata da kwanciyar hankali, shi ya sa mai ƙiba ba ya cika zuwa asibiti sai sukari ko gwiwa sun matsa masa, lokacin da yake a shirye ya karɓi duk abin da aka ce zai sauƙaƙa masa.

2.0 Zoben da yadda yake aiki

Zoben tumbi maɗauri ne na roba mai laushi da ake kira silikon, wanda ake zagaya saman tumbi da shi, daf da inda bututun abinci yake haɗuwa da tumbin, har a bar 'yar ƙaramar jaka a sama wadda ba ta ɗaukar fiye da cokali ɗaya ko biyu na abinci. A cikin zoben akwai balan-balan da siririn tiyo ya haɗa da wani ƙaramin mazubi da ake ɗinkewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta wannan mazubi likita yake ɗura ruwan gishiri da allura idan yana son zoben ya ƙara matsewa, ko ya zuƙe ruwan idan yana son ya saki. Lubomyr Kuzmak a Amurka da Dag Hallberg da Peter Forsell a Suwidin ne suka samar da nau'in da ake iya daidaitawa a tsakiyar shekarun 1980, sannan a 1993 Mitiku Belachew, likita ɗan asalin Habasha, ya sanya shi a garin Huy na Beljiyam ta ƙananan huji tare da na'urar leƙen ciki, ba tare da tsaga ciki ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001. Farin jininsa bai rasa dalili ba, domin ba a yanke tumbi, ba a taɓa hanji, mutuwa a lokacin aikin ba ta da yawa, kuma ana iya cire shi. Ƙididdigar ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta duniya ta nuna a 2008 zoben ya kai kashi 42 cikin 100 na irin waɗannan ayyuka a duniya, amma ya sauko zuwa kusan kashi 18 a 2011, sannan kashi 10 a 2013.

3.0 Abin da shekaru suka nuna

Hujja mafi ƙarfi da magoya bayan zoben suke da ita ta fito daga Melbon a Ostareliya, inda Paul O'Brien da abokan aikinsa na Jami'ar Monash suka wallafa rahoton majinyata 3,227 a mujallar Annals of Surgery a 2013. Ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne rarar nauyi, wato kilo nawa mutum ya ɗara nauyin da ya dace da tsayinsa, kuma sun samu cewa bayan shekara 15 majinyatan sun zubar da kashi 47 cikin 100 na wannan rara, ba tare da ko mutum ɗaya ya mutu a dalilin aikin ba. Wannan nasara ce ta gaskiya wadda bai kamata a raina ba. Amma ko a cibiyar su O'Brien, kusan kashi 26 cikin 100 sun koma ɗakin tiyata saboda jakar da ke saman zoben ta buɗe, kusan kashi 21 kuma saboda matsalar tiyo ko mazubi. Abin lura shi ne cibiyar ta ginu ne kacokan a kan bibiyar majinyaci, ana ganinsa a kai a kai a shekarar farko, ana ƙara ruwa ko a rage gwargwadon yadda yake ƙoshi, kuma ba a sallamarsa daga kulawa har ƙarshen rayuwa.

Sakamakon wasu cibiyoyin Turai ya sha bamban. Michel Suter da abokansa a Lozan ta Suwizalan sun bi majinyata 317, suka ruwaito a 2006 cewa kashi ɗaya cikin uku sun gamu da matsala daga baya, kuma adadin waɗanda aikin ya gaza a kansu yana ƙaruwa kowace shekara har ya kai kusan kashi 37 cikin 100 a shekara ta bakwai. Jacques Himpens na asibitin Saint Pierre a Burasels ya nemi mutum 151 da aka yi wa aikin tsakanin 1994 da 1997, ya samu 82 daga cikinsu bayan shekara goma sha biyu ko fiye, ya wallafa a 2011 cewa a jikin kashi 28 cikin 100 zoben ya ci bangon tumbi ya kutsa ciki, kusan rabi an cire musu shi, kuma kusan kashi 60 an sake yi musu tiyata. Ana iya sukar wannan bincike da cewa kusan rabin majinyatan ba a same su ba, kuma an yi musu aikin da tsohuwar dabara wadda zoben ya fi saurin zamewa a cikinta. Sukar tana da tushe, sai dai binciken Andrew Ibrahim da abokansa, wanda ya fito a JAMA Surgery a 2017, ya shafi zamanin sabuwar dabara: cikin mutum 25,042 da inshorar Medicare ta Amurka ta biya wa kuɗin zobe tsakanin 2006 da 2013, kashi 18.5 cikin 100 sun sake shiga tiyata, kuma daga dala miliyan 470 da aka kashe, miliyan 224 sun tafi ne a gyara, sauyawa ko cire zoben.

Idan aka gwada shi da sauran ayyukan rage ƙiba, zoben yana baya. Binciken LABS na Amurka ya samu a shekara ta bakwai masu zobe sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na dukan nauyinsu, alhali waɗanda aka karkatar wa hanyar abinci, wato aka haɗa 'yar jakar tumbi kai tsaye da ƙaramin hanji, sun rage kusan kashi 28. Gwajin By-Band-Sleeve na Birtaniya, wanda ya raba majinyata fiye da 1,300 ta hanyar ƙuri'a aka kuma wallafa shi a 2025, ya nuna bayan shekara uku kashi 68 cikin 100 na masu karkatarwa sun zubar da aƙalla rabin rarar nauyinsu, kashi 41 na waɗanda aka yanke wa yawancin tumbi a tsaye, sai kashi 25 kacal na masu zobe. Game da ciwon sukari, gwajin John Dixon na 2008 a kan mutum 60 ya samu cutar ta lafa a kashi 73 cikin 100 na masu zobe bayan shekara biyu, amma waɗannan mutane ne da ba su daɗe da kamuwa ba, kuma lafawar tana tafiya ne da raguwar nauyi, idan nauyin ya dawo cutar takan biyo shi.

4.0 Zobe a yanayin Jandutsi da kewaye

Mutanen wannan yanki sun san cewa mai karaya da aka kai wurin masu ɗori na Aliero ba ya ɗaukar ranar ɗauri a matsayin ƙarshen magani, domin sai an yi ta duba ɗaurin ana sassautawa ana ƙara matsewa. Haka zoben yake, illa dai shi ba ya da ranar kwancewa. Manyan asibitocin Jega, Aliero da Maiyama an tsara su ne domin haihuwa, zazzaɓi, haɗurra da tiyatar yau da kullum, saboda haka mai matsalar da ke bukatar likitan tiyatar tumbi, ko hoton da ake ɗauka bayan an sha ruwan bariyom, ko na'urar leƙen tumbi ta baki, sai ya nufi asibitin tarayya ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ko allurar da ake taɓa mazubin da ita ta musamman ce, mai lanƙwasasshen baki da ake kira Huber, domin allurar yau da kullum tana ɓantarar robar mazubin har ya fara yoyo.

Abincin yankin ma yana da nasa tasirin, kuma wannan ɓangare ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Zoben yana tare abu mai tauri, ya bar mai ruwa ya wuce. Loma ta tuwon shinkafa ko na dawa da aka saba haɗiyewa ba tare da tauna ba, da tsire, da kilishi, da burodi, suna tsayawa a saman zoben, su jawo nauyi a ƙirji da dalalar yawu da amai. Bayan majinyaci ya sha wannan wahala sau da yawa, sai ya koma ga fura da nono da sukari, da kunu, da shayi mai kauri, da lemon kwalba, waɗanda ke ratsa zoben ba tare da ya ji komai ba. A haka mutum zai kasance yana amai kusan kullum amma nauyinsa yana hawa, kuma idan ya samu mai ƙara masa ruwa a zoben da tunanin bai matsu ba ne, bututun abinci yakan buɗe ya rasa ƙarfin tura abinci. Cin abinci a akushi ɗaya da jama'a yana sa mutum sauri, haka ma buɗa-baki a watan azumi, inda mai ƙishirwa da yunwa ke haɗa ruwa da ƙosai da tuwo cikin 'yan mintuna. Ga mata akwai ƙarin damuwa, domin mai juna biyu da laulayi ya sa ta yawan amai takan bukaci a sassauta mata zoben. Amai na makonni yana ƙarar da sinadarin tiyamin, wato bitamin B1, abin da ke iya taɓa ƙwaƙwalwa ya kawo ruɗewa da tangaɗi da matsalar motsin ido, kuma ƙara wa irin wannan majinyaci ruwa mai sukari kafin a ba shi tiyamin yana iya tsananta cutar.

5.0 Wanda ya riga ya dawo da zobe

Haɗarin da ya fi kusa shi ne a ɗauki matsalar zobe a matsayin cutar da aka saba gani. Ƙwannafi da ciwon saman ciki, kowa zai ce olsa ce, a sayi magani a kemis a yi watanni ana sha. Tarin dare da abinci mai dawowa maƙogwaro yake haddasawa ana iya bin sa da maganin asma ko gwajin tarin fuka. Kumburi da ruwa a wurin mazubi yana kama da maruru, ana iya tsaga shi a wanke a ɗaure, alhali sau da yawa alama ce ta cewa zoben ya huda tumbi, ƙwayoyin cuta sun biyo tiyo sun fito fata, kuma na'urar leƙen tumbi ce ke tabbatar da hakan. Mafi gaggawa shi ne zamewa, inda wani sashe na tumbi yake kutsawa ta cikin zoben ya shaƙe, majinyaci ya kasa haɗiye ko da ruwa. Hoton ciki na yau da kullum yana iya nuna shi, domin zoben da ke wurinsa yana fitowa a karkace, wanda ya zame kuma yakan kwanta ko ya fito kamar da'ira. Matakin farko shi ne a zuƙe ruwan zoben gaba ɗaya, kuma idan Huber ba ta samu ba, likitoci sun yarda a yi amfani da siririyar allura ta yau da kullum, tunda lalacewar mazubi ba ta kai mutuwar naman tumbi ba. Idan ciwo bai lafa ba bayan haka, tiyata ce ta gaggawa.

Ya kamata likitocin manyan asibitocin yankin, da ɗaliban da ake horarwa a kwalejin kiwon lafiya ta Jega da jami'ar jiha da ke Aliero, su saba tambayar duk mai amai ko ciwon ciki ko an taɓa yi masa aikin rage ƙiba, domin tabon aikin ƙanana ne, kuma wasu majinyata suna ɓoye shi ko ga danginsu. Shi kuma majinyacin ya riƙe takardar da ke ɗauke da sunan samfurin zoben, da yawan ruwan da yake ɗauka, tunda wasu tsofaffin samfura mililita 4 suke ci, sababbi kuma 10 zuwa 14, da adadin da aka ɗura masa a zuwan ƙarshe. Cire zoben ma ba ya rufe lissafi, domin yawancin waɗanda aka cire wa ba tare da an yi musu wani aikin ba nauyinsu yana dawowa, sauya shi zuwa karkatarwa ko yankan tumbi kuwa ya fi aikin farko haɗari saboda tabon da zoben ya bari a saman tumbin.