Tsakanin Gaskiya da Sakankancewa

Tun da daɗewa malaman usulu suka kasa halin zuciya game da labari gida huɗu: yaƙini, wanda babu kokwanto a cikinsa, da zanni, inda ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗan'uwansa, da shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, sa'an nan wahami, wato ɓangaren da aka rinjaya. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi tun da fari shi ne, waɗannan huɗu duka halin mai ji suke siffantawa, ba halin abin da aka ji ba. Gaskiya kuwa ita ce dacewar magana da yadda al'amari yake a haƙiƙa, ko an yarda da shi ko an ƙi, kuma ƙarfin ƙudurin mutum ba ya ƙara mata kome, kamar yadda rauninsa ba ya rage ta.

Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsana wanda ya rasu a 1490, wanda har yau ake karanta littafinsa Ummul Barahini a zaurukan Katsina da Kano da Zazzau, ya gindaya wa ma'arifa sharuɗɗa uku: zuciya ta ƙudurta abu a yanke, abin ya dace da haƙiƙa, kuma ƙudurin ya taso daga dalili. In dacewa da haƙiƙa ta faɗi, abin da ya rage shi ne jahilci murakkabi, wato mutum bai sani ba, bai kuma san bai sani ba. In dalili ne ya faɗi, to, taƙlidi ke nan, ko da an dace. Aflatun na ƙasar Yunan ma ya yi doguwar muhawara a kan bambancin sani da zaton da ya faɗa daidai, amma mu ba mu bukatar tafiya nesa, domin mas'alar tana cikin gonakinmu.

A ɗauki wani manomin garin Dayi da ya shiga kasuwa gab da faɗuwar damina neman irin masara. Mai iri maƙwabcinsa ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, ya rantse masa cewa irin na bana ne, kuma ba ƙarya ya yi ba, domin shi ma haka wanda ya sayar masa a Funtuwa ya faɗa masa. Manomi ya koma gida zuciyarsa a natse. To, amma ƙwayar masara ba ta jin rantsuwa. In ta shekara biyu a ɗaki mai zafi, ko laima ta taɓa ta, ko ƙwari sun huda ta, ba za ta tsira ba, ko da dukan mutanen gari sun yi mata shaida. Manomi mai lura, kamar yadda malaman gona ke koyarwa, yakan ƙirga ƙwaya ɗari ya jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, ya naɗe, ya ajiye a inuwa yana yayyafa ruwa, bayan mako guda ya warware ya ƙirga waɗanda suka fasa. Da wannan ɗan aiki ya fitar da kansa daga taƙlidi ya shiga dalili, ba tare da ya ƙaryata maƙwabcinsa ko ya ci mutuncinsa ba.

Wani zai ce, ashe ke nan gani ya kori ji, kada a yarda da kome sai an gwada. Ni ban tafi a kan haka ba, domin abin da ɗan Adam ke iya gwadawa da hannunsa kaɗan ne ƙwarai a kan abin da rayuwarsa ta dogara da shi. Ranar haihuwarsa ji ya yi, tsayuwar watan azumi galibi ji yake yi, abin da ke cikin buhun taki da kwalbar magani duk ji ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fuskanci wasu ɗalibai a zamaninsa waɗanda suka zurfafa cikin ilmin kalami har suka riƙa kafirta talakawa, suna ƙin yankansu, don kawai ba su iya kawo hujjojin tauhidi yadda suke a littattafai ba. Shehu ya tsaya tsayin daka ya yi musu raddi a rubuce-rubuce masu yawa, ya tabbatar da musuluncin gama-garin mutane. Darasin da na ɗauka daga wannan matsayi nasa shi ne, dogaro da maganar wani ba aibi ba ne, kuma ɗora wa kowa nauyin binciken kowane abu zalunci ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin zaɓen wanda za a dogara da shi, kuma a nan babu waɗanda suka kai malaman hadisi basira. Ba su wadatu da adalcin mai ruwaya ba, wato tsoron Allahnsa da nisantarsa ga ƙarya, sai da suka haɗa masa da dabɗi, wato kiyaye abin da ya ji yadda ya ji shi. Saboda haka sau da yawa sukan yabi mutum da ibada da zuhudu, sa'an nan su ajiye ruwayarsa domin yawan kuskurensa. Wannan rarrabewa tsakanin mutumin kirki da ingantaccen labari ita ce ta yi ƙaranci a cikinmu, har ya zama in ka tambayi dattijo inda ya samo magana, sai a ɗauka ka tuhume shi.

Mun ga abin da rashinta ya haifar. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa da yara kusan 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wannan ya faru, kuma ɓacin ran jama'a yana kan hanya. Amma da aka shiga 2003, aka baza cewa allurar rigakafin shan inna tana hana haihuwa, har gwamnatin Kano ta dakatar da ita, ba a dawo da ita ba sai a watan Yuli na 2004, kuma a wannan tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Waɗanda suka yaɗa maganar da yawansu mutanen kirki ne masu kishin al'umma, suna kuma da dalilin tsoro. Kuskuren shi ne, dalilin da ya isa ya haifar da shakka sai aka gina yaƙini a kansa. Yaran da suka shanye a wancan lokaci ba su amfana da kyakkyawar niyyar kowa ba. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Murray Last, Baturen nan masanin tarihin Daular Sakkwato, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi wajen 1969 zuwa 1972, ya kuma wallafa maƙala a 1981 a kan muhimmancin fahimtar rashin sani, inda ya nuna cewa mutane da yawa a wannan yanki, har da masu ba da magani, ba su damu da sanin asalin cuta ko yadda magani ke aiki ba, sauƙi kawai suke nema. Ina ganin akwai wani alheri ɓoye cikin wannan hali da ya gani, domin wanda ya san bai sani ba ƙofarsa a buɗe take, ana iya sanar da shi gobe. Wanda ke ba ni tsoro shi ne mutumin yau, wanda saƙo ke shigo masa a waya da safe ba isnadi ba suna, kafin azahar ya zama masa aƙida, kafin la'asar ya tura wa mutum hamsin, alhali Suratul Hujurati ta yi umurni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi.

Saboda haka ina kira ga limamanmu da malaman zaure, daga Dayi har Malumfashi da Funtuwa, waɗanda jama'a ke karɓar maganarsu hannu bibbiyu, da su riƙa faɗin martabar kowane labari tare da labarin: wannan na gani da idona, wannan amintacce masanin fannin ne ya faɗa mini, wannan kuwa ji na yi kawai ban tabbatar ba. Su kuma koya wa almajiransu cewa tambayar madogara ba rashin ladabi ba ce.