Gangar Bature Ta Gwanjo: Tarihinta Na Jikin Bajinta

Mai karatu, in ka kalli fim ɗin A Hard Day's Night na 1964, na san idonka zai fi tsayawa kan samarin nan uku masu jita. To ni a kan na huɗun nawa ya tsaya, wato Ringo Starr, ɗan gajeren nan da ke zaune a baya cikin ganguna. Setin gangunansa na farko ƙirar Ludwig, wanda ya saya a wani kanti mai suna Drum City a Landan cikin 1963, an yi gwanjonsa a watan Disamba na 2015 a kan kuɗi sama da dala miliyan 2. Tsohuwar ganga fa! Tun kafin wannan ciniki ma tsofaffin ganguna sun zama haja, kuma ka san duk inda haja ta yi daraja, 'yan damfara ba sa nisa.

Ka san mu nan waƙoƙin finafinanmu da fiyano ake buga su, ɗan yatsa ɗaya ya ba ka ganga da kalangu duka. Su kuwa can, mutum guda ne ke kaɗa ganguna huɗu ko biyar, hannu da ƙafa. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne matakin ƙafa na buga uwar ganga, wanda William F. Ludwig da ɗan'uwansa Theobald suka fito da ingantaccensa a Chicago a 1909. Kafin su akwai Gretsch, wanda wani Bajamushe, Friedrich Gretsch, ya kafa a Brooklyn a 1883. Sai Slingerland, wanda Gene Krupa ya ɗaukaka, makaɗin da har fim aka yi a kan rayuwarsa a 1959, Sal Mineo ya fito a matsayinsa. Ingila kuma tana da Premier tun 1922.

Ranar 9 ga Fabrairu, 1964, 'yan Beatles suka fito a shirin talbijin na Ed Sullivan, mutum wajen miliyan 73 suna kallo, ga sunan Ludwig ɓaro-ɓaro a fuskar uwar ganga. Daga nan masana'antar ta koma aiki dare da rana don ta biya buƙatar yaran Amurka. Wannan ne ya sa Ludwig ta shekarun 1960 ba ta da wuyar samu kamar yadda dillali zai so ka ɗauka. Kada tsufa kaɗai ya ruɗe ka.

To yaya za ka gane ta gaske? Fara da baji, ɗan ƙarfen nan da ke manne a bakin hudar iska. Ludwig ta shekarun 1960 bajinta na tagulla ne mai faɗin sama da tsukakken gindi, ana ce masa Keystone, kuma daga wajen 1964 aka riƙa buga masa lamba. A 1969 suka koma baji mai shuɗi da kore. Gretsch kuwa bajinta mai da'ira ne, har zuwa farkon shekarun 1970 da suka sauya shi da mai kusurwa takwas, bayan kamfanin Baldwin ya saye su a 1967. Masu tara kayan tarihi sun fi mutuwa a kan mai da'irar.

Amma baji ana cire shi a maƙala wa wata. Nan ne fa aikin yake. Ka leƙa zoben da ya riƙe shi ta ciki. In ka ga ya lanƙwashe ko da tabon filaya, an taɓa shi. Sai ka sa a cire fata ka duba cikin icen. Ludwig ta wancan zamani falle uku ce, da zoben katako na ƙarfafawa a kowane baki, yawancinta an shafa mata farin fenti a ciki, wasu har da hatimin kwanan wata. Gretsch ta shekarun 1960 falle shida ce, ba zobe, cikinta fenti ruwan azurfa. Mai sayarwa da ya ƙi a cire fata, gaskiya ka yi masa sallama kawai.

Akwai kuma na Japan. A shekarun 1960 kamfanonin da suka zama Pearl da Tama na yanzu sun yi ta ƙera ganguna masu araha da wani ice mara nauyi na Filifin, suna kwaikwayon ƙyalƙyalin na Amurka, a manna musu sunaye barkatai. Ni ban raina su ba, wasunsu na da zaƙin amo. Laifin kawai a sayar maka da su a kuɗin Slingerland.

Sauran duk aikin ido ne da yatsa. Ka ƙirga huda: duk wadda ba ta masana'anta ba tana rage kuɗi sosai. Rigar roba ta waje in an sake ta, sau da yawa za ka ga ragowar tsohon gam a ciki ko gefen ƙusoshi. Kifa gangar kan gilashi ka gani ko bakinta ya zauna daidai, domin mai karkataccen baki ba ta ɗaurewa ko da wa ya ɗaure ta. Ƙaramar mai tsarkiya kuma ka gwada makunninta. Ka auna faɗi da tef, saboda an ƙera da yawansu tun zamanin fatar maraƙi, kafin fatar roba ta Remo ta fito a 1957, kuma wasu tsofaffin Premier awonsu daban ne, fatar yanzu ba ta hawa kansu.

Kada ka ce labarin ya yi mana nisa. Ginger Baker, makaɗin ƙungiyar Cream, wanda shi ma Ludwig yake bugawa, ya ratsa Sahara da mota zuwa Legas, Tony Palmer ya ɗauki tafiyar a fim mai suna Ginger Baker in Africa. Ya yi faifai da Fela a 1971, ya kuma buɗe situdiyo a Ikeja. A waɗannan shekaru 'yan bandi sun cika otal-otal na ƙasar nan, kuma kayan kiɗansu daga waje ake shigo da su. Don haka in ka shiga Sabon Gari ka ga wata tsohuwar ganga ta yi ƙura a lungun shago, tsuguna ka karanta bajin kafin ka tambayi kuɗi, kuma kada ka bari mai shagon ya ga fuskarka ta canza.